Littafin aiki: binciken lafiyar wuta a wani injin shinkafa na yankin Kura

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Moton folisha ya sake ƙonewa, karo na uku ke nan cikin wata biyar. Mai kilowat 55 ne, shi ke jan injin da ke goge shinkafa ta yi fari. Alhaji ya kira ni tun kafin a gama azkar ɗin safe, ya ce in zo in rubuta masa takardar da zai kai wa masu wuta su biya shi. Manajansa ya ce ai mai naɗin koyil ne ya sa waya mai araha. Mai naɗin kuma ya aiko cewa shi shekararsa ashirin yana wannan sana'a. Kowa da wanda yake nuna wa yatsa, amma ko mutum ɗaya bai taɓa ɗora mita a kan wayar ba.

Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, takarda mai sauƙi ce. Amma in suka ce mu kawo hujja, me za mu nuna musu?" Ya yi shiru, sannan ya ce in yi abin da ya dace.

Na fara da duba moton da ya ƙone. Koyil ɗin fes ɗaya ya yi baƙi ƙirin, sauran biyun ɗan dafuwa kawai suka yi. In lodi ne ya yi wa moto yawa, duka ukun suke ƙonewa daidai wa daida. Wannan kuwa alama ce ta cewa layukan uku ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Kamfanin yana da taransifomarsa, kVA 300, tana sauke wuta daga 11kV zuwa bolt 415. Cikakken lodinta amfiya 417 ne a kowane layi. Da misalin ƙarfe 11 na safe, sauran injuna na aiki, na auna tsakanin layukan uku, da muke kira da launin wayarsu, a babban allon rarraba wuta: ja da rawaya bolt 408, rawaya da shuɗi 391, shuɗi da ja 389. Matsakaicinsu 396, wanda ya fi nisa da shi ya kauce da 12, wato kashi 3 cikin 100. A ƙa'idar NEMA ta masu ƙera moto a Amurka, da zarar bambancin ya wuce kashi 1 sai a rage wa moto kaya, in ya kai 5 kuma ba a so a kunna shi sam. Akwai lissafin da muke yi a ka: ka ninka kason da kansa, ka sake ninkawa biyu. Uku sau uku tara, sau biyu 18. Zafin koyil zai ƙaru da kusan kashi 18 cikin 100 ke nan, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwar rufin waya biyu.

Amma awo ɗaya na ƙarfe 11 ba ya gaya maka abin da ke faruwa da magariba. Sai an kwana ana kallo.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na samo hayar na'urar da ke auna wuta tana ajiye bayani, ajin A a ma'aunin IEC 61000-4-30. Tana duba igiyar wuta zagaye goma-goma, wato duk kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa tunda wutarmu 50Hz ce, sannan ta tattara ta fitar da matsakaici duk minti 10. A mako guda awo 1,008 ke nan.

Na ɗaura ta kafin cenjoba, wato makunnin da ke juya wuta tsakanin layi da janareta, don kada ta cakuɗa min wutar layi da ta janareta. Wayoyin bolt huɗu, zobban roba masu lanƙwasa huɗu na auna amfiya a kan ja, rawaya, shuɗi da nitiral. Yarona ya so ya zura hannu haka nan ya saƙala zoben, wai ai roba ce. Na sa ya koma mota ya ɗauko safar hannu. A gindin taransifoma ba a yin wannan gangancin. In spana ta gifta tsakanin sanduna biyu, ba girgiza za ka sha ba, wuta ce za ta wanke maka fuska.

Na ba Baba mai gadi littafi da biro, na roƙe shi duk sanda aka ɗauke ko aka kawo ya rubuta lokaci. Ya ce da ajami zai rubuta. Na ce hakan ma ya yi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kuskurena ne. Zoben layin rawaya na sa shi a juye, kibiyarsa na kallon taransifoma maimakon ta kalli lodi. Na'urar tana nuna wai layin rawaya mayar da wuta yake yi waje. Awon bolt da amfiya bai ɓaci ba, amma lissafin kilowat na kwana biyu ya tafi a banza. Na gyara, na sake ƙirga mako daga yau. Ranar Alhamis ɗin ina ta yi wa yaro faɗan safar hannu, ni ban duba kibiya ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na kwashe bayanan jiya, na kwana a kansu.

Cikin awa 168 na mako, an samu wuta awa 109. Littafin Baba da na'urar bambancinsu bai kai minti 40 ba, kuma mafi yawansa lokacin da ya tafi sallah ne. Awo 654 ke nan muke da su maimakon 1,008. A nan ne mutum yake gane ma'aunin EN 50160 da muke aro na Turai ne, an rubuta shi don inda wuta ba ta ɗaukewa. Cewa ya yi kashi 95 cikin 100 na awon mako su zauna tsakanin bolt 207 da 253, in an auna daga layi zuwa nitiral. Bai yi tunanin wurin da sulusin makon duhu ne ba. Na cire awannin da babu wuta, na yi lissafi da sauran, na kuma rubuta haka a rahoto don kada wani ya ce na ɓoye.

Abin da ya fito iri uku ne, kuma ba uwarsu ɗaya ba.

Daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 10 na dare, layukan uku suna sauka tare, kamar an ja su da igiya ɗaya. Ja da rawaya, kowanne daga shi zuwa nitiral, suna kaiwa bolt 196. Ko injin ya tashi aiki haka suke sauka. Wannan daga waje yake zuwa: muna can wutsiyar fida, wato babban layin da ke kawo mana wuta, garuruwan da ke gabanmu sun kunna kayansu, abin da ya rage ne yake iso mana. Da ƙarfe 3 na dare kuma sai ta haura 244.

Na biyu namu ne na cikin gida. Da rana ja yana ɗauke da amfiya 205, rawaya 230, shuɗi 360. Moto mai layi uku kusan daidai yake ja daga kowanne, to wa ke shan ƙarin amfiya 150 ɗin nan daga shuɗi shi kaɗai? Nitiral, da ya kamata ya zauna kusan babu komai, yana ɗauke da 140.

Na uku shi ne ya fi ba ni tsoro. A ofis, tsakanin layi da nitiral, na ga ja bolt 251, rawaya 238, shuɗi 192 a lokaci guda. Wannan nitiral ne mai rawa. In ya saki, layin da ke da kaya da yawa sai ya faɗi, mara kaya ya tashi sama. Moto mai layi uku ba ruwansa da nitiral, shi ya sa ba a lura ba. Amma da na tambayi manaja ko ƙwan fitila da caja suna yawan mutuwa, sai ya buɗe min durowa cike da su. Katin na'urar tantance launi, mai fitar da baƙar ƙwaya daga cikin fara, shi ma an canza shi sau biyu, kuma daga waje ake yo odarsa.

Na gaya wa Alhaji cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bai ji daɗi ba. Ya riga ya gaya wa abokansa zai yi ƙara.

Talata, 18 ga Fabrairu

Yau bin waya muka yi, da ƙafa. Daga shuɗi aka ja na'urorin sanyaya ɗaki uku na ofis, da famfon rijiyar burtsatse, da hitar ɗakunan ma'aikata, da masallaci. Sai wata waya da ta haura katanga ta baya. Muka bi ta, ta kai mu shagon mai walda, daga nan ta rabu zuwa wani ɗaki mai firiza goma sha ɗaya na masu ƙanƙara. Ba sata ba ce, Alhaji ne ya ba su shekarun baya don maƙwabtaka, lokacin firizar biyu ce. Duk mai gyaran da ya zo ƙara wani abu, shuɗi yake kamawa, don shi ne sandar ƙasa a allon, ba sai ya miƙa hannu ba.

A gindin taransifoma na haska ma'aunin zafi. Mahaɗin ja digiri 52, rawaya 57, shuɗi 138. Da muka leƙa da kyau, kowane layi kebul biyu aka ja masa zuwa allo, amma a shuɗi ɗayan ya cinye a bakinsa ya rabu tuntuni, ɗaya ne ke ɗauke da kayan duka. Wanda ya rage ɗin ma alminiyom ne aka ɗaure kai tsaye a kan tagulla da noti. Waɗannan biyun ba sa zama lafiya in ba a sa musu kan da aka yi don haɗa su ba; alminiyom yana yin farin gari, mahaɗin ya saki, ya yi zafi, zafin ya ƙara sakin shi. Na auna bolt 4 suna ɓacewa a wannan mahaɗin kaɗai. Sau amfiya 360, kusan kilowat ɗaya da rabi, kamar an bar dutsen guga a kunne a kan noti dare da rana.

Nitiral ɗin kuwa da hannu na juya notinsa.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Mun kashe komai daga 7 na safe. Ɓangaren 11kV ba namu ba ne, ma'aikatan kamfanin rarraba wuta ne suka zo suka sauke fis ɗin sama da sandarsu, muka gwada muka tabbatar babu wuta, muka ɗaure layukan da ƙasa, sannan muka taɓa. Mun yanke bakin kebul takwas, mun matse musu sababbin kawuna masu haɗa alminiyom da tagulla. Mun maido da kebul na biyu na shuɗi. Mun raba kayan layi ɗaya: ofis da masallaci a ja, famfo da ɗakunan ma'aikata a rawaya, masu ƙanƙara an ja musu waya huɗu an raba firizar gida uku. Mai walda ya ce ba zai sayi waya ba. Alhaji ya saya masa.

Ramin wayar ƙasa ya bushe ƙamas, awonsa ohm 31. Mun ƙara sanduna biyu da gawayi, ya sauko 9. Rani ne, da damina zai fi haka sauka. Na kuma sa yaro ya busa fankokin motoci duka, ƙaiƙayi da ƙurar hunturu sun toshe su kamar an liƙa katifa.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Ja amfiya 262, rawaya 270, shuɗi 258. Nitiral 31. Bambancin bolt ya sauko ƙasa da kashi 1. An ɗora moton folisha da aka sake naɗawa, jikinsa bai wuce digiri 68 ba bayan awa biyar.

Laraba, 5 ga Maris

An ɗauki azumi ranar Asabar, aiki ya koma dare, daga bayan tarawihi zuwa sahur. Na bar na'urar a wurin, kuma ko ba kalanda za ka gane watan daga zanen da take fitarwa: wani sabon rami ya bayyana wajen ƙarfe 4 na asuba, na magariba kuma ya ƙara zurfi.

Daren jiya wani abu ya fashe a ɗakin wuta. Kwandansa ce, ɗaya daga cikin shida na akwatin da wani ya haɗa wa Alhaji bara. Manaja, ganin an gyara wuta, sai ya tayar da akwatin da aka daɗe da kashewa ba tare da ya gaya min ba. Biyu sun kumbura, ɗaya ta tsage ta zubar da mai.

Shi akwatin amfaninsa gaskiya ne. Moto yana jan wuta iri biyu, wadda ke juya shi da wadda yake ara don maganaɗisu ya mayar. Yadda na yi wa Alhaji bayani shi ne kamar tirelar shanshera: kuɗin mota na buhun duka ka biya, amma ƙaiƙayin ba ya shiga kasuwa. A nan awon ya nuna 0.72, wato cikin duk amfiya 100 da taransifoma ke ɗauka, 72 ne ke aiki. Kwandansa ita ke ba moto wannan aron a kusa, taransifoma ta huta. To me ya fasa ta?

Litinin, 10 ga Maris

Na samu amsar, kuma lissafin ya fito fes har ya ba ni dariya.

Bayan an haɗa akwatin ne Alhaji ya sayo na'urori biyu masu sarrafa gudun moto, na fankar busa da na lifta. Irin waɗannan ba sa shan wuta a hankali yadda igiyarta take lanƙwasa, gutsura suke yi, kuma gutsurar tana haifar da ƙananan igiyoyi masu sauri da ke hawa kan babbar. Su muke kira hamonik. Na'ura mai diyod shida ta fi fitar da na 5 da na 7, wato 250Hz da 350Hz, sai na 11 da na 13. Su kaɗai ba su yi yawa a nan ba: akwatin na kashe, jimillar gurɓacewar bolt kashi 4.1 ce, iyakar kuwa 8 ce a EN 50160, haka ma a IEEE 519 ga ƙaramar wuta.

Amma taransifoma koyil ce, kuma duk inda koyil da kwandansa suka haɗu akwai wani sauti da suke amsa wa juna, kamar tsirkiyar garaya da ƙoƙonta. Allon jikin taransifomar ya nuna turjiyar da take yi wa wuta kashi 4 ce cikin 100. Ka raba 300 da 0.04, ka samu 7,500. Akwatin kwandansa shida ne masu kvar 25, wato ma'aunin girman kwandansa, jimilla 150. Ka raba 7,500 da 150, hamsin. Tushen hamsin 7.07. Wato in duka shidan suka shiga, wurin amsawar ya faɗa kan hamonik na 7 daidai, kamar da gangan aka auna. Bayanan daren Talata sun tabbatar: minti goma bayan an kunna, gurɓacewar ta tashi zuwa 9.6, kusan duka daga na 7. Kwandansa kuwa duk sanda igiya ta ƙara sauri, ƙara buɗe mata ƙofa take yi. Ta sha har ta fashe.

Wanda ya haɗa akwatin bai yi laifi ba a lokacinsa. Wanda ya sayar da na'urorin gudun moto shi ma nasa kayan lafiya lau. Babu dai wanda ya tambayi abin da ke ɗakin kafin ya ƙara nasa.

Maganin shi ne a sa wa kowace kwandansa koyil ɗin kashi 7 a gabanta, ya ja wurin amsawar zuwa 189Hz, ƙasa da na 5, inda babu abin da zai tayar da shi. Sai dai koyil ɗin yana ɗaga bolt ɗin da kwandansa ke gani, don haka masu 415 ɗin nan ba za su yi ba, sai masu 480. Na kuma ce a haɗa shi yadda in aka juya zuwa janareta akwatin zai fita da kansa. Alhaji ya ji kuɗin ya ce, "Injiniya, kai kullum in ka zo sai ka samo sabon ciwo." Na ce ciwon yana nan tun kafin in zo. Ya ce a bari sai bayan sallah. Na cire fis ɗin akwatin na sa a aljihuna, don na san manaja.

Litinin, 17 ga Maris

Maganar faɗuwar wutar magariba. Alhaji ya ji a wurin wani cewa akwai maɓallin da ake murɗawa a kan taransifoma wuta ta ƙaru. Akwai shi, mataki biyar, kowanne kashi 2.5, kuma ba a taɓa shi sai an kashe ta gaba ɗaya. Yanzu tana kan na 3. In muka je na 5, bolt 196 na magariba zai zama 206, amma 244 na tsakar dare zai zama 256, kuma yanzu da dare suke aiki. Gudun gara ke nan a faɗa gidan zago. Na yarda da mataki ɗaya kawai: 201 da 250. Bai warkar ba, ya dai rage.

Sauran sai daga sama. Na rubuta takardar da ya nema tun ranar farko, amma ba ta neman diyya ba. Shafi biyu ce da zane uku, tana nuna awanni nawa bolt ya yi ƙasa da 207 bayan mun gyara namu, tana roƙon a duba lodin fidar. Tsarin rukunin A zuwa E da NERC, hukumar kula da harkar lantarki ta Najeriya, ta kawo awanni yake ƙirgawa: A aƙalla 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. Awa ɗaya a bolt 196 da awa ɗaya a 230 duk awa ɗaya ce a wannan lissafin, alhali a ta farkon moto amfiya yake ƙara ja don ya fitar da aikin da aka ɗora masa. Na sa wannan a sakin layi na ƙarshe, cikin ladabi.

Talata, 25 ga Maris

Na'urar tantance launi tana ɗaukewa ta sake tashi sau uku ko huɗu a dare. Na duba jerin faɗuwar wuta ta ɗan lokaci, wadda matsakaicin minti 10 ba ya nunawa. Kowacce ta zo daidai da tayar da moton folisha: bolt ya sauka zuwa kashi 81 na kusan rabin daƙiƙa. Sitatarsa irin mai mataki biyu ce, tana farawa da sulusin amfiyar tashi sannan ta juya. An saita agogonta daƙiƙa 3, moton bai kai gudunsa ba take juyawa, sai ya fizgi wuta kamar kai tsaye aka kunna shi. Ma'aikatan kuma suna tayar da shi da shinkafa a ciki. Na mayar da agogon 9, na rubuta a kwali na liƙa: a zazzage kafin a kashe. Daren jiya sau ɗaya ta ɗauke, kuma wannan daga waje ta zo, layukan uku tare, babu moton da ya tashi.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An yi sallah ranar Lahadi, aiki ya dawo jiya. Zafi ya shigo sosai, ɗakin wuta digiri 44 da azahar, na ce a fasa taga ta biyu a sa fanka. Mai na'urar awo yana neman kayansa ranar Litinin. Na roƙi ƙarin mako ɗaya don ina son cikakken mako na aikin rana bayan canjin matakin taransifoma, in kwatanta da na Fabrairu. Takardarmu an karɓa an buga mata hatimi, amsa ba ta zo ba tukuna. Koyiloli da kwandansa masu 480 mun samu farashi biyu daga Sabon Gari, ɗaya daga Legas, Alhaji bai zaɓa ba. Masu ƙanƙara sun ƙara firiza biyu, kuma da na leƙa duka biyun a shuɗi suka sa. Gobe da safe zan tura yaro ya mayar da ɗaya kan ja.